Akwatuna a Lissafin Baba

Uwar mijina mai buga tafireta ce. Rabonta da tafireta an daɗe, amma har gobe in ka shiga layinsu ka tambayi gidan Mai Tafireta, za a nuna maka ƙofa mai koren fenti, daura da shagon mai gyaran fanka. Ni Mama nake ce mata, ita kuma tana ce mini Amarya, duk da cewa 'yata ta fari ta kusa kamo ni tsawo.

Abin da na fara lura da shi a jikinta yatsunta ne. Ba sa zama wuri ɗaya. In tana sauraron magana sai ka ga suna motsi a kan cinyarta, tana buga abin da ake faɗa ba tare da ta sani ba. Mijina, wanda shi ne autanta, ya ce suna yara da wannan suke gane ta kama su da ƙarya. Da yatsun sun tsaya cak, to ka yi ta kanka.

Mahaifinta tela ne, kuma ya so ta gaje shi. Sai dai a saman shagonsa akwai wani ɗaki da ake koyar da buga tafireta, kullum ƙarar injinan na sauko musu kamar yayyafi a kan kwano. Tana sa maɓalli a riga kunnenta yana sama. Ta dinga yi wa tsohon naci har ya gaji ya ce ta hau, in ta ga babu daɗi ta sauko. Ba ta sauko ba. Da ta gama, ta sami aiki a ofishin wata makarantar sakandare, wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon filin ƙwallo, da kabad ɗin ƙarfe, da injin gurza takarda wanda ba ya barin kowa ya fita da farar riga.

In jarrabawa ta matso, malamai kan kawo mata tambayoyinsu da rubutun hannu. Na tarihi da na harshe ba su ba ta wahala. Lissafi ne matsala, domin injin nata ba shi da alamominsa. Sai ta buga kalmomi da lambobi, ta bar gurbi a duk inda alama za ta shiga, malamin ya zo daga baya da alƙalami mai bakin ƙarfe ya zana su da hannu kafin a gurza. Malamin lissafin kuwa wani dogon saurayi ne, hannun rigarsa kullum fari fat da alli, ga shi ba a iya masa.

"Malama, wannan gurbin ai ko tsutsa ba zai ɗauka ba, balle abin da zan sa."

"Me za ka sa?"

Ya zana mata wata alama doguwa mai lanƙwasa sama da ƙasa.

"Au, maciji ne? Ai sai ka gaya mini tun farko macijinka dogo ne."

Daga ranar ta raɗa wa kowace alama suna. Alamar saiwar lamba ta zama rumfa, tunda lambobi a ƙarƙashinta suke fakewa. Alamar abin da ba shi da iyaka ta zama takwas mai barci. Ɗigo ukun nan da ke nufin "saboda haka" suka zama murhu, ƙanwarsu mai nufin "domin" ta zama murhu a kife. Malamin ya yi ta cewa wannan raina ilimi ne, amma ba a jima ba ya fara rubuta mata a gefen takarda: maciji babba a nan, rumfa mai faɗi a can. Mama ta ce sai ranar da ya zo ƙorafin gurbi a kan takardar da babu alama ko ɗaya a cikinta, sannan ta gane ba gurbin takarda yake nema ba.

Wannan malamin shi ne Baba, surukina. Shi Sakatariya yake ce mata, ko a gaban baƙi, ita kuma Malam.

Da kwamfuta ta shigo ofisoshi, da yawa daga cikin abokan aikinta sun tattara nasu ya nasu sun koma gida. Ita ta zauna ta koya. Abu ɗaya ne ba su taɓa shiri da shi ba, ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur, wanda take ce wa ɓera. Ta ce hannun da ya bar madannai ya tafi kiwon ɓera ya yi asarar layi guda. Shi ya sa bayan ta yi ritaya ta manne wa wata ƙaramar manhajar rubutu, ta kyauta, mara nauyi, wadda tsohuwar kwamfutarta ke ɗauka ba tare da nishi ba, kuma komai a cikinta da madannai ake yi. Kana rubutu a fili, babu ado. In ka gama sai ka ce ta fitar, ita kuma ta juya rubutun ya zama takarda tsararriya wadda za a kai wa firinta. Da ita Mama take buga wa maƙwabta takardar neman aiki da sanarwar taron iyayen yara, ba ta karɓar komai sai godiya.

Baba shi ma ya yi ritaya, amma bai ajiye alli ba. Ya share garejin gidan, ya kafa allo da benci, yaran unguwa masu shirin jarrabawar fita sakandare suna zuwa bayan la'asar. Muryarsa har titi. Yana cikin wannan darasin ne wata rana allin ya faɗi daga hannunsa, ya sunkuya zai ɗauka, bai miƙe ba.

Ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa kuma ya yi nauyi. Da aka sallamo shi daga asibiti aka ajiye masa kujera a falo kusa da taga. Kalma in ta fito daga bakinsa sai ta fito a karkace, shi kuwa mutum ne da bai taɓa yarda da karkataccen abu ba, saboda haka ya daina fitar da ita. In aka zo dubiya sai ya ɗaga hannun hagu, ya mai da ido kan labule. Jikokinsa, waɗanda da ba su da wurin zama sai wuyansa, suka koma leƙe daga bakin ƙofa.

Wata tsohuwar ɗalibarsa, wadda ta zama malamar lissafi ita ma, ta ce za ta riƙe ajin gareji kada yaran su watse. Ta roƙi a ba ta darussan Baba. Darussan kuwa suna cikin kwalaye, da rubutun hannunsa, wasu takardun sun yi ja, wasu gara ta ɗanɗana gefensu, wasu kuma babu mai iya karanta su sai wadda ta yi rayuwarta tana karanta wannan hannun. Mama ta jawo teburinta zuwa falo, ta ajiye shi inda Baba zai riƙa jin ƙarar madannai, ta fara bugawa.

A fuskar kwamfuta komai ya fito daidai. Ta nemo macijinta, ta nemo rumfarta, ta sa kowanne a mazauninsa. Amma da ta ce manhaja ta fitar, ta kai firinta, sai takardar ta dawo da ƙananan akwatuna, fanko, a wuraren da alamomin suke. Ƙari da ɗebewa da daidai sun fito, da wasu 'yan kaɗan. Sauran duk akwati.

Mama ba ta damu ba da farko. Gurbi ai tsohon abokinta ne. Ta ɗauki takardar da biro, ta ɗora a kan faranti, ta ajiye a cinyar Baba.

"Malam, ga aikinka. Na bar maka wuri, kada ka ce ya yi kaɗan."

Ina wurin ranar, na kawo musu yara. Baba ya dubi takardar ya daɗe. Ya ɗauki biron da hagu, ya kai shi bakin akwatin farko. Hannun ya yi rawa, layin ya zarce ya keta lambobin da ke gaba. Ya sake gwadawa, bakin biron ya huda takardar. Sai ya buɗe yatsunsa biron ya gangara ƙasa, ya juya fuskarsa ga taga. Na ga ƙwalla ta gangaro ta ɓarin da ba ya motsi, bai ma san ta sauko ba.

Mama ta ɗauke farantin. Ta shiga kicin ta buɗe famfo, ta bar shi yana zuba. Da na bi ta na tarar ta dafa bango.

"Na yi wauta, Amarya," ta ce. "Na zaci zan faranta masa."

Ni aikina rubuta manhaja ne a wani kamfanin sufuri, lissafin motoci da direbobi, babu ruwana da maciji. Amma na ce ta bar ni in duba. Irin wannan manhajar a buɗe take, kowa na iya ganin cikinta. Ban sha wuya ba na gano inda gizo yake saƙa. Tsakanin abin da ka buga da takardar da ke fita akwai wani jadawali, kamar tafinta. Kowane layi yana cewa: in ka ga wannan alamar, ga sunan da za ka kira ta da shi a wancan ɓangaren. Alamar da ba ta cikin jadawalin, tafinta bai san ta ba, sai ya ajiye akwati ya wuce. Jadawalin kuwa gajere ne ƙwarai. Da alama wanda ya fara shi ya sa abin da yake buƙata ne, ya tafi harkarsa.

Na rubuta wa masu kula da manhajar. Ba kamfani ba ne, 'yan sa-kai ne warwatse a duniya, kowa da aikin da yake ci da shi. Wanda ya amsa bai sa sunansa ba, sai wani laƙabi da hoton tsuntsu. Ya ce sun san da matsalar, ba su da hannu, in muna iyawa mu ƙara layukan mu turo ya duba. Layi biyu ke nan, babu sallama.

"Haka ya rubuto?" in ji Mama. "Ko ina kwana babu?"

"Haka suke yi, Mama. Ba raini ba ne."

"To shi wane ne?"

"Shi ne mai cewa wannan ya shiga, wannan kada ya shiga."

"Mai gadi ke nan."

Sunan ya bi shi.

Na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Ranar hutu na zo da kwamfutata, na zauna gefen Mama, na buɗe babban kundin alamomin duniya, ita kuma tana nuna mini waɗanda ke cikin darussan Baba. Nan na gane na ɗebo da zafi. Alamomin nan 'yan gida ɗaya ne, kama ta yi musu yawa. Akwai da'ira mai karan tsaye, akwai da'ira mai karan gicciye, akwai wadda harafi ce ta wani harshe ba ruwanta da lissafi. Alamar ɗebewa daban, karan ɗori daban, ga kuma wani dogon layi da ke tsakaninsu. Wata mai kama da cokali mai yatsu ta zo kala-kala, kowace da ma'anarta. Mama ta san surarsu a hannun Baba, amma ba ta san wace ce wace a kundin ba. Ni kuma na san yadda ake rubuta layin, ban san abin da nake rubutawa ba.

Muka tsaya a kan cokalin. Na nuna ɗaya na ce ina jin wannan ce. Mama ta gyara tabarau ta ce ita ma haka ta gani. Na ɗora yatsu zan buga.

"A'a."

Muka waiwaya tare. Baba ne. Ashe tun ɗazu ya bar kallon labule, ya karkato yana hango fuskar kwamfutar ta saman kafaɗarmu. Ya ɗaga hagunsa yana nuni, bakinsa yana kokawa da kalma.

"Ta… ƙasa. Waccan… harafi."

Mama ba ta nuna ta ji wani abin mamaki ba. Ba ta yi kabbara ba, ba ta kira kowa ba. Ta tashi kawai ta kama bayan kujerarsa ta ce in kama ɗaya gefen, muka jawo shi har gaban tebur.

"To ai sai ka matso, Malam. Kana can kana kallonmu muna ɓarna."

Haka aikin ya koma na mutum uku. Ni ina zuwa ranakun hutu. Na koya wa Mama yadda ake rubuta layin, ba ta ɗauki lokaci ba ta wuce ni sauri, domin abin duk tsari ne da kiyaye waƙafi, ita kuwa nan ne gidanta. Sauran ranakun su biyu suke yi da hantsi, bayan ya sha magani. Ta ƙara girman alama har ta cika fuskar kwamfuta, shi kuma ya ce e ko a'a. Daga e da a'a aka koma sunaye. Daga sunaye aka koma gardama. Wata rana na shigo na tarar yana ƙoƙarin bayyana mata bambancin wasu kibiyoyi guda biyu, kalma tana maƙalewa yana dukan hannun kujera, ita kuma ta naɗe hannu tana jira. Ba ta taɓa ƙarasa masa magana ba. Likitar da ke koya masa furuci ta ce kada a riƙa yi masa hakan, amma Mama ta ce ita ba don likita ba ne, tun yana saurayi ba ya son a ƙarasa masa.

Da muka tara abin da ya samu, na shirya turawa. Mama ta ce sai an fara da gaisuwa.

"Mama, ba a yin haka a wurin."

"Za a fara yau. Rubuta: muna gaisuwa, ya aiki, ya iyali."

Na rubuta. Mai Gadi ya dawo mana da kayanmu. Ya ce layukan ba su bi tsarin lambobin kundin ba, wasu sun maimaitu, kuma yana son takardar gwaji wadda ta ƙunshi kowace alama, domin duk wanda ya taɓa jadawalin nan gaba a gane in ya fasa wani abu. Gaisuwar kuwa ko kallonta bai yi ba.

Ran Mama ya sosu. Ta rufe kwamfutar ta ce ita da ta buga jarrabawar da ta yaye likitoci, wani mai hoton tsuntsu ne zai ce aikinta bai tsaru ba. Ta yini tana goge-gogen da ba a sa ta ba. Baba yana kallonta, gefen bakinsa mai motsi yana ɗan ɗagawa.

"Sakatariya," ya ce a hankali. "Yana da… gaskiya."

"Na sani. Shi ya sa nake fushi."

Washegari ta sake jera su tun daga farko. Takardar gwajin kuwa Baba ne ya ba da ita. Ya ƙi yarda a jera alamomi haka nan kamar kayan talla. Ya ce kowace a sa ta cikin jimlar lissafi ta gaskiya, inda take aiki. Ya riƙa faɗa guntu-guntu tana bugawa, abin ya ɗauke su makonni. A nan ne maganarsa ta fi saki, domin in yana faɗin lissafi mantawa yake da harshensa.

Karo na biyu Mai Gadi ya karɓa. A ƙasan saƙonsa, bayan bayanin aiki, ya ƙara layi ɗaya: iyali lafiya, na gode, ina fata naku ma haka. Mama ta sa na karanta mata sau biyu.

"Ka ji ɗan halak," ta ce. "Da ma kunya ce ke damunsa."

Ba a rasa tuntuɓe ba. Bayan sabon zubin manhajar ya fita da layukanmu a ciki, wani mutum daga wata ƙasa ya rubuto yana ƙorafi cikin ladabi. Ya ce duk inda ya rubuta "saboda haka" takardarsa tana fitowa da "domin", hujjojinsa gaba ɗaya sun koma tafiya da baya. Muka duba. Wajen sake jerawa Mama ta musanya murhu da murhu a kife, kuma a takardar gwajin ma ta musanya su, shi ya sa gwajin bai kama ba. Ta dafe ƙirji ta ce ta shiga uku, ta kifar wa bawan Allah da tukunya.

Baba ya fashe da dariya. Rabon gidan da wannan dariyar tun kafin ciwon. Ta fito a karkace, da tari a cikinta, har sai da na miƙa masa ruwa, amma dariya ce. Jikokin suka rugo daga tsakar gida su ga abin da ya faru, ƙaramin ya haye cinyarsa ba tare da ya nemi izini ba, shi kuma ya riƙe shi da hagu. Mama tana gyara layin tana cewa a yi ta dariya, ai ita ce abin dariya, amma na ga tana share ido da gefen mayafi. Ta sa na rubuta wa mutumin ban haƙuri mai tsawo. Ya amsa cewa babu komai, ya ma ji daɗi da ya san akwai wanda ke kula da wannan lungun.

Darussan sun kammala. Muka kai shagon gurza takardu na bakin kasuwa aka buga, aka ɗinke da bango mai kauri. Mama ta kawo na farko ta ajiye wa Baba. Ya buɗe da hagu, yana bin layi da yatsa, shafi bayan shafi. Babu akwati ko ɗaya. Ya tsaya a wani wuri ya daɗe, har na fara tsoron an sake kuskure.

"Macijin," ya ce, "ya yi… gajere."

"Malam, wannan kuma sai ka kai ƙara wurin Mai Gadi. Ni na yi nawa."

Malamar da ke riƙe da ajin gareji ta raba wa yara. Ba a jima ba ta fara turo su falo da tambaya in abu ya cije, ko da ta san amsar. Baba ya gane dabarar, ya yi kamar bai gane ba. Daga baya ya ce a riƙa kai kujerarsa garejin, yana zaune a baya, in yaro ya yi kuskure a allo sai a ji sanda ta bugi ƙasa.

Hannun damansa bai dawo ba, kuma likitoci sun ce kada mu sa rai. Maganarsa ta dawo rabi, in ya gaji tana komawa. Ƙafar ce ta fi ba da haɗin kai, yanzu yana takawa da sanda daga falo zuwa ƙofar gida.

Na zaci da littafin ya fito Mama za ta sallami jadawalin. Ina! Mutane sun ga an fara, sai buƙatu suka riƙa zuwa. Wannan yana son alamomin awon kusurwa, wancan yana son na ilimin mantiƙi, wata ɗaliba tana son wasu baƙaƙe masu jiki biyu da ake sa wa jinsin lambobi. Mai Gadi ya koma in irin wannan ta zo sai ya tura wa Mama kai tsaye. Na buɗe mata akwatin saƙo nata na kanta, ta daina jirana. Yanzu har aikin wasu ake ba ta ta duba kafin ya shiga, kuma na ga yadda take mayar da shi in bai yi ba: gaisuwa tukuna, sannan yabo kaɗan, sannan ta jero gyare-gyaren ba sassauci. Ba ta san fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba. In ta ambace su sai ta ce "yaran nan", ko da yake babu mamaki wasunsu sun girme ta.

Kwanan baya na kai su asibiti wurin masu gashin ƙashi. Aka shiga da Baba, mu kuma muka zauna a dogon bencin jira, ƙarƙashin wata fanka mai ƙara. Mama ta zaro takardu daga jakarta, shafuka cike da kibiyoyi, wasu masu kai biyu, wasu masu ƙugiya, wasu an soke su da layi. Wani ne ya turo, ta gurzo domin ta ce idonta ya fi kama kuskure a takarda. Ta ɗora a gwiwa tana bi da jan biro.

Wata mata da ke gefenta, wadda ta kawo mahaifiyarta, ta yi ta satar kallo har ta kasa haƙuri.

"Mama, don Allah wannan wane irin rubutu ne?"

"Kibiyoyi ne, 'yata. Na masu lissafi."

"Ke malamar lissafi ce?"

"Ni? Allah ya kiyaye. Ina dai gyara musu hanya ne su wuce, kada su maƙale wajen fita." Ta nuna mata biyu da bakin biro. "Dubi nan. Wannan da wannan ɗaya ne?"

Matar ta matso ta ƙura ido. "Wannan wutsiyarta ta fi tsawo."

"Yawwa. Shi wanda ya turo bai gani ba. Kina da ido." Ta zagaye layin da ja.

Ƙofar ɗakin gashin ta buɗe, Baba ya fito yana dogara sanda, ma'aikacin yana biye da shi da hannu a buɗe ko zai yi tangaɗi. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya ce sun wahalar da shi yau, kuma yunwa yake ji. Mama ta ninke takardun ta tura a jaka, ta yi wa matar sallama da fatan sauƙi ga mahaifiyarta. Ta zagaya ta ɓarinsa na dama, ta ɗauki hannun da ba ya motsi ta saƙala a nata, muka nufi mota a hankali, yana mita tana ce masa ya dubi gabansa akwai matakala.